Hatimin Rediyo: Yadda Ake Gane Ko An Buɗe Kaya a Hanya

Idan kai ko ƙungiyarku kuna aika riɗi, citta ko zoɓo zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, ka san kayan sukan bi ta hannuwa da yawa. Daga Kano zuwa Legas tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce, mota kuma takan kwana a hanya. A nan ne akan zare buhu biyu ko uku, ko a musanya mai kyau da mai tsakuwa. Idan mai saye ya ƙi kayan, direba ya rantse, mai sito ya rantse, asarar kan koma kan manomi.

Yadda hatimin yake aiki

Hatimin rediyo, wanda masana ke kira RFID, wani ɗan makulli ne ko lika da ake sanyawa a ƙofar kwantena ko bakin kwali. A cikinsa akwai ƙwayar na'ura wadda ba ta kai ƙwayar gero ba, da 'yar eriya, da siririyar waya da ta zagaye wurin da ake buɗewa. Kowane hatimi yana da lambarsa shi kaɗai. Mafi yawansu ba su da batir. Na'urar karantawa ce ke aiko masu da igiyar rediyo, su sami ƙarfi daga gare ta, su mayar da amsa.

Muddin wayar nan ba ta tsinke ba, amsar ita ce lambar hatimin da shaidar cewa a rufe yake. Da zarar an tsinke ta, wasu hatiman sukan daina amsawa gaba ɗaya. Waɗanda suka fi inganci kuwa sukan ci gaba da amsawa, amma su nuna an taɓa buɗewa, ko da ɓarawo ya mayar ya manne da gam. Wannan ne fifikonsa a kan hatimin roba, wanda ido kaɗai ke dubawa, ido kuwa ana iya yaudararsa.

Akwai nau'in NFC, wanda wayar salula mai wannan fasaha ke karantawa idan an kara ta a jikinsa. Akwai kuma nau'in UHF, da ake karantawa daga nisan mitoci kaɗan, amma sai da na'ura ta musamman. Ga ƙaramar ƙungiya, na farkon ya fi sauƙi.

Abin lura

Hatimi ba ya hana sata, tona ta yake yi. Wanda ba shi da batir ba zai gaya maka ranar da aka buɗe ko wurin ba. Saboda haka a karanta shi duk inda kaya za su canza hannu: wurin lodi, sito, da bakin tasha. A rubuta lambarsa a takardar kaya, da rana da lokaci, direba ya sa hannu a gaban shaidu. Idan ya amsa lafiya a Ilori amma ya nuna tsinkewa a Legas, an san wanda za a tambaya.

Ƙarfe da ruwa suna raunana igiyar rediyo, musamman ta UHF, don haka a nemi irin da aka ƙera domin jikin ƙarfe. Ga kwantenar da za ta ƙetare teku, a tabbata makullin ya cika ƙa'idar ISO 17712 ta ƙarfin hatimi.

Motar da aka lulluɓe da tamfol kuwa, sa mata hatimi ɓarnar kuɗi ce, tunda ana iya yanka ta gefe ba tare da an taɓa shi ba. A irin wannan, a ƙirga buhuna, a auna nauyi a wurin lodi da wurin saukewa.