Ƙullin tsoka a sangalin hannu: Atisaye uku da ke kawo sauƙi

Tela, mai kitso, ɗan acaɓa, ma'aikacin kwamfuta da uwargida mai tuƙin tuwo da matsar wanki duk sukan yi kuka da ciwo iri ɗaya: wuyan hannu na zogi, riƙon buta ma ya zama aiki. Sau da yawa tushen ciwon yana can sama, a tsokar sangalin hannu, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu.

Idan tsoka ta daɗe tana aiki iri ɗaya ba hutu, wani ɗan sashe nata kan ɗaure ya ƙi saki. Idan aka lalubo shi, za a ji shi kamar ƙwayar wake, in an danna kuma zafin ya harba zuwa bayan hannu ko yatsu. Likita Janet Travell ta Amurka, wadda ta kula da Shugaba Kennedy, tana cikin waɗanda suka yi fice wajen bayanin wannan ƙulli. Shi ya sa shafa man zafi a wuyan hannu kaɗai ba ya raba mutum da ciwon.

Likitocin fisiyo kan koyar da matakai uku, bayan an gasa wurin da tawul mai ɗumi na minti 10.

Na farko, dannawa. A sa babban yatsa a kan ƙullin, a danna daidai yadda za a iya jurewa na daƙiƙa 30 zuwa 60. Ba a murza shi da ƙarfin tsiya.

Na biyu, miƙewa. A miƙe hannu gaba, tafi na kallon ƙasa, a lanƙwaso shi ƙasa da ɗaya hannun na daƙiƙa 30. Sai a ɗaga yatsu sama, a ja su baya. A maimaita sau 3.

Na uku, ƙarfafawa. A ɗora hannu a kan tebur, a riƙe ƙaramar gorar ruwa, a ɗaga wuyan hannu, a sauke shi sannu a hankali sau 10. Wannan ne ke taimakawa kada ciwon ya dawo, tare da ɗan hutawa a tsakiyar aiki.

Mai ciwon suga ya gwada zafin tawul kafin gashi, domin gudun ƙuna. Idan akwai dindiris a yatsu, kumburi, ko hannu na rasa ƙarfi, a je sashen fisiyo, kamar na asibitocin ƙashi na Igbobi a Legas, Enugu ko Dala a Kano. Ciwon hannun hagu tare da ciwon ƙirji kuwa na iya zama na zuciya, a garzaya asibiti nan take.