Gashin Tsuntsu Da Ƙahon Dabba

Wanda duk ya taɓa kallon hawan salla a manyan biranenmu ya ga figini, watau mafificin nan na gashin jimina da a ke kaɗa wa Sarki. Tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara figini da takalman gashin jimina. Ashe ado da gashin tsuntsu ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

A ƙarni na 19 gashin nan ya zama babbar haja. Fatake su kan ɗauke shi daga Kano, su bi ta Damagaram su ƙetare Hamada zuwa Tarabulus, daga can sai London da Paris, inda matan Turawa ke ƙawata hulunansu da shi. Har a 1911 gwamnatin Afirka ta Kudu ta aiko mutane yankin Kano su sayi jiminu da rai, don kyan gashinsu. Amma da aka shiga 1914 sai yayin ya wuce, kasuwa ta faɗi warwas. Jiminar kuwa ba a daina farautarta ba, yau da ƙyar ka ji an ce an gan ta a dajinmu.

Sha'anin ƙaho ma haka ya ke. A ƙasashen Turai akwai wata irin barewa mai ƙaho da rassa kamar itace, kowace shekara namijin ya kan zubar da nasa, masu sana'a su tsinta su yi ƙotar wuƙa da maɓalli. Barewarmu da gwanki ba sa zubarwa. Duk ƙahon gwankin da ka gani a rataye a zaure, to, wani gwanki ne ya rasa ransa, ga su kuma sun yi ƙaranci.

Sabo da haka mu ke jan hankalin malaman makaranta ga abin da ke kusa. Nan Tudun Wada, ƙahonin shanu na nan a wurin mahauta, ba su da tsada. A dafa ƙaho har ƙashin cikinsa ya saki, a zare, sa'an nan a gasa shi kaɗan-kaɗan, kada ya ƙone. In ya yi laushi a tsaga, a danne da katako har ya huce. Da shi a ke yanka mataji da cokali, ko a bar shi yadda ya ke, a kankare, a goge da yashi mai laushi, a shafa man gyaɗa, ya zama abin ado na tebur.

Gashin zabo kuwa, a ganinmu, bai gaza na kowane tsuntsu kyan zane ba, raini ne kawai ya sa a ke share shi da tsintsiya. A wanke da sabulu, a shanya a inuwa, a jera a ɗinka bisa faifai ko mafificin kaba. Sai dai asu na cinsa ƙwarai, don haka in za a ajiye a haɗa da busasshen ganyen dogon yaro.