GAYA DA AJINGI: ZANGON DA MATAFIYA KE WUCEWA

Kowace safiya motoci suna tashi daga Kano, su ƙetare gadar Wudil, su nufi Dutse ko Maiduguri. Kaɗan ne daga cikin fasinjojin suke sauka a Gaya. Galibi sai dai su miƙo hannu ta taga su sayi rake ko gyaɗa, direba ya ja mota.

Alhali kuwa garin ya cancanci a kwana a cikinsa. Tarihin Kano ya nuna cewa daga nan ne maƙeran da ake kira Abagayawa suka tashi neman tama, har suka zauna a gindin Dala. Labarin Bayajida ma ya ce maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙa kafin ya isa Daura. Ɗalibai da yawa sun haddace wannan domin jarrabawa, amma ko inuwar garin ba su taɓa sha ba.

Daga Gaya hanya ta karkata arewa zuwa Ajingi, ta ratsa gonakin gero da dawa. Tun 2024 garuruwan biyu, tare da Albasu, su ne Masarautar Gaya mai daraja ta biyu.

Wanda dare ya riska a ƙauyukan nan, kada ya shimfiɗa tabarma a gindin bishiya ba da sanin kowa ba. Zamanin yanzu ba ya ɗaukar haka. Ya nemi mai unguwa, ya faɗi sunansa da abin da ke tafe da shi. Daga nan ne akan nuna masa zaure, akwashin tuwo kuma ya biyo baya.