Wai an maido shi gida ne don an fid da rai? Abin da ke gaskiya game da jinyar kansar prostat

A majalisun Sabon Maci, idan dattijo ya dawo daga Yamai bayan jinyar kansar prostat, riƙe da takardar da zai kai wa majo, wato babban ma'aikacin jinya na asibitin gari, maganar da ke fara yawo ita ce: "Sun ga ba mai tashi ba ne, shi ya sa suka sallamo shi." Wannan ƙarya ce, kuma mai cutarwa, domin wanda ya yarda an fid da rai da shi ba ya ƙara zuwa awo.

Prostat wata ƙwaya ce a ƙasan mafitsarar namiji. Bayan an cire ta da tiyata, ko an gasa cutar da na'urar haske kamar yadda Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa ta fara yi a Yamai a 2021, abin da ya rage shi ne sa ido na shekaru. Ba dole sai ƙwararre ne zai ɗauki wannan aiki shi kaɗai ba. A Ostareliya an yi wani gwaji mai suna ProCare, inda aka raba bin marasa lafiya tsakanin asibiti da likitocin unguwa, kuma waɗanda aka bi a haka ba su fi sauran shan wahala ba. A Ingila ma, ƙa'idar hukumar NICE ta 2019 ta yarda a bi mutum daga nesa bayan aƙalla wata shida, muddin jikinsa ya daidaita.

Masu cewa "majo ba ya iya komai a kan kansa" suna da ɗan abin kamawa. Gaskiya ne awon jinin da ake kira PSA yana buƙatar ɗakin gwaji mai na'ura, irin na manyan asibitocin Maraɗi da Yamai, kuma fassara sakamakon aikin likitan mafitsara ne. Amma awon hawan jini da sukari, maganin ciwo, kula da tiyon fitsari, da yin allurar da likita ya rubuta duk wata ko duk wata uku, ma'aikacin jinya na ƙaramin asibitin gari (CSI) ko asibitin Dakoro zai iya. Ga manomin da kuɗin mota zuwa Yamai ke cinye masa buhun gero, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Jita-jitar da ta fi tayar mini da hankali ita ce: "Tun da fitsari na tafiya daidai, ai ya warke." Cutar kan dawo shiru, PSA ya yi ta hawa tun kafin jiki ya ji komai. Wanda aka cire wa prostat, ya kamata awonsa ya sauka kusan babu. Idan ya kai 0.2 kuma aka maimaita aka tabbatar, likita zai sake dubawa. Shi ya sa ake awon kamar duk wata shida a shekarun farko, daga baya sau ɗaya a shekara, ko da mutum na noma da ƙarfinsa.

Cewa allurar na rage sha'awa da ƙarfin namiji, gaskiya ne. Aikinta ke nan, danne sinadarin maza da cutar ke girma da shi, kuma takan kawo zafin jiki da gumi, ƙiba da raunin ƙashi. A faɗa wa ma'aikacin lafiya ba kunya. Kuskure babba shi ne a daina allurar a ɓoye, ko a koma ga maganin ƙarfin maza na kasuwa wanda ba a san abin da ke ciki ba. Cewa cutar na kama uwargida kuwa, babu ƙamshin gaskiya: ba ta yaɗuwa ta kwanciya ko cin tuwo kwano ɗaya.

Akwai alamun da ba a jiran ranar alkawari a kansu: ciwon baya mai tsanani tare da raunin ƙafafu, tsayuwar fitsari gaba ɗaya, ko jini a fitsari. Ciwon bayan nan na iya nufin cutar ta danne lakar baya, kuma jinkiri kan bar mutum a gurgunce, don haka a nufi Maraɗi a ranar. Kafin a baro asibiti, ƴaƴa su roƙi likita ya rubuta a karne, wato littafin asibiti, irin jinyar da aka yi, sakamakon PSA na ƙarshe, ranar awo na gaba, da lambar da majo zai kira idan awon ya hau.