Leco: girkin ƙasar Hungariya da kayan garakenmu suka isa a yi shi

Duk wanda ya shiga kasuwar Matameye a lokacin sanyi ya san yadda kayan garka suke cika ta. Tumatir, tattasai, albasa, shu da karoti suna shigowa daga garaken noman rani na gundumar Kantche, farashi ya faɗi, har mai garka ya riƙa neman wanda zai raba shi da kwandonsa kafin yamma. Tumatir ba ya jira: kwana biyu ko uku ya yi laushi, sai a zubar. A gidajenmu kuwa, mafi yawan lokaci markaɗa shi kawai ake yi a zuba a miya. Akwai wata hanya da za a ci kayan nan da yawa, su zama su ne abincin da kansu, kuma ba sai an sayi nama ba.

Girkin ya fito ne daga Hungariya, wata ƙasa a tsakiyar Turai da babban birninta Budapest. Suna rubuta sunansa lecsó, ana faɗinsa "leco". Abincin manoma ne na ƙarshen lokacin zafinsu, sa'ad da tattasai da tumatir suka yi musu yawa kamar yadda suke yi mana. Shi kansa tattasai baƙo ne a can: asalinsa daga nahiyar Amurka yake, ya shiga Hungariya ne a zamanin da Turkawa suke mulkin yankin, a ƙarni na 16 da na 17. Daga baya suka ƙware wajen busar da shi su niƙa, garin da duniya ta sani da suna paprika, wanda garuruwan Szeged da Kalocsa suka yi fice a kansa.

Wannan gari ba baƙon abu ba ne gare mu. Jan tattasai busasshe da ake nomawa a bakin kogin Komadugu a jihar Diffa, idan aka daka shi aka tankaɗe, aikin paprika yake yi. Albasa kuma muna da ta Galmi, wadda ake fitarwa har ƙasashen bakin teku. Bambancin da ya zama dole guda ne: mutanen Hungariya da kitsen alade suke soyawa, mu kuwa man gyaɗa ya wadatar.

Don mutum biyar ko shida, uwargida za ta tanadi ɗanyen tattasai kilo 1, tumatir nunanne rabin kilo, albasa manya 2 ko 3, man gyaɗa babban cokali 4, garin busasshen tattasai cokali 1 ko 2, da gishiri. Ƙa'idar ita ce tattasai ya ninka tumatir. Idan tumatir ya rinjaya, abin zai koma jar miya mai tsami. Mai son yaji ya ƙara tonka ko attaruhu kaɗan, amma a tuna da yara.

Ba a markaɗa komai. A yanka albasa siri-siri, a cire ƴaƴan tattasai a yanka shi a tsaye kamar faɗin yatsa, tumatir kuma gida huɗu ko shida. A zuba mai a tukunya, a sa albasa da ɗan gishiri, a bar ta kan wuta marar ƙarfi kamar minti 10 har ta yi laushi, ba tare da ta yi baƙi ba.

Nan ne wurin da ake yawan kuskure. Kafin a zuba garin tattasai, a sauke tukunya daga murhu, a zuba, a juya, sannan a mayar. Garin yana da sukari a cikinsa, in ya haɗu da mai mai tsananin zafi sai ya ƙone nan take, girkin duka ya yi ɗaci. Bayan haka a zuba ɗanyen tattasai, a rufe minti 10, sannan a kawo tumatir. Kada a ƙara ruwa, wanda kayan za su fitar ya isa. Minti 15 zuwa 20 a ƙaramar wuta, sai a ɗanɗana gishiri a sauke, tun tattasai bai narke ba.

Akwai dalilin da ya sa ba a barinsa ya daɗe a wuta. Tattasai yana da bitamin C mai yawa, kuma dogon dahuwa yana rage shi. A jami'ar Szeged ne wani masani ɗan Hungariya, Albert Szent-Györgyi, ya ciro wannan bitamin daga tattasan ƙasarsu, kuma a 1937 aka ba shi kyautar Nobel. Bitamin ɗin yana taimaka wa jiki ya amfana da sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da hatsi, abin da mata masu ciki da yara suke buƙata.

Leco yana tafiya da shinkafa, da taliya, da dambu, da burodi. Don ya riƙe ciki, ana fasa ƙwai 3 ko 4 a ciki dab da saukewa, a juya har su dahu, kamar yadda ake yi a Hungariya. Ana iya zuba dafaffen wake, ko dankalin turawa da aka riga aka tafasa. Ranar da aka samu nama, a soya shi tare da albasa tun farko.

Gargaɗi ɗaya: mutanen can suna ɗura leco a kwalabe su dafa su don ajiyar hunturu, amma in ba a ƙware ba, abincin kwalba yana iya zama guba ko da bai canza wari ba. A wajenmu, a dafa abin da za a cinye a ranar, ko a sa a firigo kwana biyu in kuran bai yanke ba. Sauran tumatir da tattasai a yanka a shanya su zama kauɗa, kamar yadda iyayenmu suka saba, su jira lokacin bazara da kwando ɗaya zai ninka kuɗinsa.