YADDA AKE SHIRYA FAIFAI A WATA KWAMFUTA DON A YI AIKI DA SHI A WATA

Sau da yawa akan sami kwamfuta a ofishin hakimi wadda jikinta lafiya lau, sai dai babbar manhajar da ke tafiyar da ita ta lalace, kafar da ake soka filashi kuma ta mutu, ba halin a zuba mata sabuwa. In haka ta faru ba sai an jingine ta ba. Ana iya cire faifanta, a sa shi cikin wata kwamfuta mai lafiya, a zuba masa manhajar a can, sa'an nan a komo da shi gida.

Babbar manhaja, kamar Windows ko Linux, ita ce sarkin gidan kwamfuta. Ita ke riƙe da mabuɗai, ita ta san inda aka ajiye kowace takarda. Mazauninta kuwa cikin faifai ne, don haka wanda ya ɗauke faifai ya ɗauke ta. Amma sarkin gidan da aka sauya wa gida ba ya iya aiki sai ya san ƙofa, ya ji harshen mutanen gidan, an kuma ba shi izini. Haka ita ma. Abubuwa huɗu ne ya kamata a duba.

Na farko, ƙofar shiga. Hanyar da kwamfuta ke tashi iri biyu ce. Akwai tsohuwa, BIOS, wadda kwamfutar IBM ta 1981 ta zo da ita. Akwai sabuwa, UEFI, wadda ta yaɗu bayan fitowar Windows 8 a 2012. Kowace da irin rabon faifan da aka saba yi mata: MBR ga tsohuwa, GPT ga sabuwa. Lalle ne a san wadda kwamfutar ofis ke bi, a shirya faifan bisa ita. In an saɓa, za a kunna ta ce ba ta ga kome ba. Windows 11, wadda ta fito a 2021, ba a yi ta don BIOS ba, sai UEFI.

Na biyu, ƙwaƙwalwar na'ura, watau furosesa. Manhajar da aka yi don furosesa mai lamba 64 ba ta tashi a kan mai lamba 32. Wadda aka yi don irin Intel da AMD kuma ba ta tashi a kan irin ARM.

Na uku, harshe. Kowane sashe na kwamfuta, kamar na hoto da na sauti da na kama intanet, yana da ƙaramar manhaja da masu sana'ar ke kira direba, aikinta kuwa na tafinta ne. A nan Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, ta fi sauƙin kai, gama tana tafe da yawancin tafintocinta, duk sa'ad da ta tashi sai ta dubi gidan ta zaɓi waɗanda suka dace. Windows ta fi shaƙuwa da na'urar da aka zuba ta a kai. Saboda haka kamfanin Microsoft ya yi mata wani abin aiki mai suna Sysprep, wanda ke shafe alamun kwamfutar farko kafin a cire faifan, don ta tashi a ta biyu kamar sabuwa.

Na huɗu, izini. Lasisin Windows da ya zo tare da kwamfuta daga kamfani a ɗaure yake da wannan kwamfutar, ba ya bin faifai. Kwamfutar ofis sai ta yi aiki da nata lasisin. Linux, irin su Ubuntu da Debian, ba a biyan kuɗin lasisi a kanta.

To, ga inda hatsarin yake. Zuba sabuwar manhaja yakan shafe abin da ke cikin faifai. In akwai rajistar gonaki, ko lissafin kuɗi, ko wasiƙun masarauta, sai magatakarda ya kwafe su zuwa wani wuri, ya buɗe kwafin ya tabbata yana karantuwa, tun ba a taɓa kome ba. Kafin a fara kuma a cire faifan kwamfutar da aka ara, a bar na ofis kaɗai a ciki. In ba haka ba ana iya shafe na mai aron bisa kuskure, ko kuwa manhajar ta ajiye mabuɗin tashinta a wancan faifan, na ofis ya komo gida ba mabuɗi. Kada a kulle faifan da BitLocker sai ya koma wurinsa, don kullen yakan ɗauru da na'urar da aka yi shi a kanta, a wata na'urar kuwa sai an kawo mabuɗi mai lambobi 48. A kashe wuta, a zare waya, kafin a sa hannu ciki.

Hakimin da aka kawo wa wannan shawara sai ya tambaya ko an kwafe takardu, ko an duba abubuwan nan huɗu. In amsar ba ta fito sarai ba, a dakata a nemi wanda ya ƙware. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.