Mazubin Ƙera Kayan Roba: Yadda Yake Aiki da Abin da Ya Kamata Jama'a Su Sani

Duk wanda ya shiga babbar kasuwar Birnin Kebbi ko kasuwar Argungu zai tarar da rumfuna maƙare da bokitai da bahuna da kofuna da kujerun roba. Akasarin waɗannan kaya daga masana'antun Legas da na Kano ake kawo mana su, musamman na unguwannin Sharaɗa da Bompai da Chalawa. A nan za mu yi wa jama'a bayani a kan wani ƙarfe da mai saye ba ya ganinsa, alhali a kansa ingancin kayan da farashinsu suka dogara, wato mazubi.

Mene ne mazubi?

Misali mafi kusa da mu shi ne tandar waina: siffar ramin ita ce siffar wainar. Haka nan masu zubin tukwanen alminiyam sukan fitar da siffar tukunya a cikin danshin yashi, su zuba narkakken ƙarfe, sannan su fasa yashin. Mazubin roba kuwa ba a fasa shi. Da ƙarfe mai tauri ake sassaƙa shi gida biyu, ɗaya mai rami, ɗaya mai tudu. Idan aka haɗa su, ɗan filin da ya rage a tsakaninsu shi ne ainihin siffar bokitin da kaurinsa.

Wannan fasaha ta daɗe. A shekarar 1872 John Wesley Hyatt da ɗan'uwansa Isaiah suka yi rajistar injin farko a Amurka, sannan a 1946 James Watson Hendry ya ƙera irin injin da masana'antu suka fi amfani da shi har yau.

Yadda aikin yake gudana

Ɗanyen kayan aikin shi ne ƙwayoyin roba masu kama da tsabar shinkafa, waɗanda ake samu daga man fetur da iskar gas. Kamfanin Indorama da ke Eleme a Jihar Ribas yana cikin masu samar da su a ƙasar nan. Ana zuba ƙwayoyin ta mazurari, sai wata murɗaɗɗiyar sandar ƙarfe, irin ta cikin injin markaɗe, ta riƙa tura su cikin bututu mai zafin da yakan kai digiri 200 ko fiye. Da sun narke, sai sandar ta danna su cikin mazubi ta wata 'yar ƙofa, kamar yadda ake tura magani ta allura. A lokacin nan injin yakan matse ɓangarorin biyu da ƙarfin da ya kai na ɗaruruwan tan, domin kada roba ta ɓulle.

Daga nan sai sanyaya. A jikin mazubi akwai hanyoyin da aka huda, inda ruwan sanyi ke zagayawa, kuma wannan mataki ne yakan cinye fiye da rabin lokacin aikin. Idan roba ta daskare, mazubi ya buɗe, wasu sandunan ƙarfe su ingizo kayan waje. Duk wannan yakan kammala cikin daƙiƙoƙi. Mazubi guda na iya ƙunsar ramuka 32 ko 48, ya fitar da murafun kwalba masu wannan yawa a bugu ɗaya. Jarka da kwalbar ruwa kuwa, da iska ake hura su a cikin wani nau'in mazubi dabam.

Roba takan tsuke idan ta huce. Irin wadda ake yin kujeru da ita takan ragu da kashi 1 zuwa 2 cikin 100, saboda haka akan sassaƙa ramin ya ɗara girman da ake so. Ana kuma karkata bangonsa kaɗan domin kayan su zame cikin sauƙi, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa bakin bokiti ya fi gindinsa faɗi.

Abin da mai saye zai duba

Mazubi yakan bar shaidarsa a jikin kaya. Ɗigon da ke tsakiyar gindin bokiti nan ne roba ta shiga. Siririn layin da ke gefe nan ne ɓangarorin biyu suka haɗu. Idan aka ga ɓawon roba mai kaifi ya fito a kan layin, alama ce mazubin ya ci ko bai rufu sosai ba. Muna shawartar mai saye da ya ɗaga bokiti ko baho ya duba shi a hasken rana. Idan wani gefe ya fi wani sirantaka, ta nan zai fara tsagewa, kuma araha ta zama asara.

Kira ga 'yan kasuwa da matasa

Masu niyyar kafa ƙaramar masana'anta su sani cewa sayen inji rabin tafiya ne. Kowane irin kaya da mazubinsa: na kofi ba ya fitar da faranti. Mazubin ƙarfe mai tauri yana da tsada, amma yana iya yin bugu miliyan guda idan ana tsabtace shi ana kare shi daga tsatsa. Na alminiyam ya fi sauƙin kuɗi, sai dai ba ya kai wannan ƙarko. Wajibi ne kuma a tanadi tsayayyar wutar lantarki da ruwan sanyaya, domin idan wuta ta ɗauke ana cikin aiki, roba takan daskare a bututu.

Yawancin mazuban da masana'antunmu ke aiki da su daga ƙasashen waje ake shigo da su, irin su Sin da Indiya, kuma idan ɗaya ya lalace aiki yakan tsaya har a sami gwanin gyara. Don haka muna jan hankalin ɗaliban aikin injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, da 'ya'yan maƙeranmu, da su dage wajen koyon zanen injiniya a kwamfuta da awo da sassaƙar ƙarfe. Wanda ya iya gyaran mazubi, masana'anta ce za ta neme shi.